Gadar da Babu Ita a Bakin Anti Galiema

Akwai wata ma'aikaciya a wani ƙaramin asibitin haƙori da ke Athlone, cikin birnin Cape Town, ana kiranta Shihaam. Ba likita ba ce, ko allura ba ta taɓa riƙewa ba. Wurinta teburin gaba ne. Duk abin da Dokta Arendse ya yi a bakin mutum, ita ke mayar da shi lambobi ta tura wa kamfanin inshorar lafiya don ya biya.

Kowane haƙori da lambarsa, kowane aiki da tasa. Hular da ake kifa wa haƙori guda don kada ya dare tana da lambarta. Idan kuwa mutum ya rasa haƙora aka yi masa gada, wato aka feƙe haƙoran da ke gefe biyu na giɓin aka sa musu huluna masu ɗauke da haƙoran tangaran a tsakiya, to hulunan nan masu riƙe gada lambarsu daban ce. A ido duk hula ce, amma kamfani ba ya haɗa su.

Shihaam ta iya aikinta, wannan ba musu. Matsalarta ɗaya, ƙwaƙƙwafi. Idan abu ya ɗaure mata kai, ko shayi ba ta iya sha sai ta ga ƙarshensa. Mijinta kan ce da ma 'yan sanda suka ɗauke ta aiki, da shi ya huta da tambayoyi a gida.

Wata Litinin sai ga Anti Galiema ta shigo dafe da kumatu. Doguwar mace ce, ta haura hamsin, tana ɗinki a wata masana'antar tufafi a Salt River, kuma ta wurin aikin nan ta samu katin inshora.

Duk wanda ya san Anti Galiema ya san tutiyarta da haƙoranta. A zamanin 'yammatancinsu yayi ne a unguwanninsu saurayi ko budurwa su je a cire musu haƙoran gaba huɗu na sama. Wanda bai cire ba shi ne bagidaje. Ita kuwa ta kafe ta ƙi, aka yi ta yi mata dariya har aka gaji. Yau sa'o'inta suna kwana da haƙoransu a kofin ruwa, ita nata suna nan reras.

"Anti, wa ya taɓa mana ke?" in ji Dokta Arendse.

"Ƙashin rago ne, Dokta, a miyar jiya. Na ɗauka guringuntsi ne."

"To wa ya ci wani, ke ko shi?"

"Ka bar raha ka duba mini. Kuma ka bi a hankali, waɗannan ba na kanti ba ne."

Fiƙarta ta sama ta dama ce ta tsage, wadda a lissafin likitoci ake kira lamba goma sha uku. Dokta ya kashe jijiyar, ya yi ciko na wucin gadi, sannan ya gaya mata gaskiya. Haƙorin zai rayu idan an kifa masa hula da wuri. Idan aka ja lokaci zai dare har saiwa, kuma daga nan sai cirewa.

"Cirewa?" Anti ta zaro ido. "Abin da na ƙi ina da shekara goma sha biyar, shi zan yi da furfura? 'Yar nan," ta juyo wurin Shihaam, "ki rubuta musu da kyau."

"Ki kwantar da hankalinki, Anti. Wannan ai ƙaramin abu ne."

Shihaam ta tura neman izini a ranar: hula guda, haƙori na goma sha uku. Washegari amsa ta dawo, an ƙi. Dalili kuwa, wai haƙorin nan yana ɗauke da hular riƙe gada tun shekara uku da suka wuce, kuma ƙa'idar kamfani ba a sake biyan hula kan haƙori ɗaya kafin shekara biyar.

Shihaam ta karanta, ta goge tabarau ta sake karantawa. Gada? Ta buɗe hoton bakin Anti da aka ɗauka jiya, ta bi haƙoran da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da saiwarsa, babu giɓi ko ɗaya, balle abin da za a yi wa gada.

Ta ɗaga waya ta kira kamfanin. Wani saurayi ya ɗauka da muryar wanda aiki ya gundura.

"Madam, abin da ke gabana nake karanta miki. Hular riƙe gada a goma sha uku, wata a ashirin da uku, haƙoran tangaran huɗu a tsakiya."

"To ni kuma abin da ke bakinta nake gaya maka. Matar nan haƙoranta sun fi naka cika."

"Ba ki ga nawa ba ai."

"Ba sai na gani ba. A wane asibiti aka ce an yi?"

Ya gaya mata sunan wani asibiti a Mitchells Plain. Nan take Shihaam ta ji abin ya faɗa mata daidai. Wanda duk ya daɗe a wannan aiki ya san labarin asibitocin da ke tura lambobin aikin da ba su yi ba. Mutum ya je wankin haƙori, su riƙe lambar katinsa, su rubuta gada sukutum, kamfani ya biya, mai kati bai sani ba sai ranar da ya zo da buƙata.

Ta shiga ta samu Dokta yana wanke hannu, ta zayyane masa komai har tana haki.

"Ikon Allah," in ji shi. "To ki kira ta ki ji ta bakinta tukuna."

"Dokta, me za ta sani? An cuce ta ne kawai."

"Na ji. Ki dai kira ta."

Ta kira sau ɗaya, ba a ɗauka ba. Ai kuwa ba za a ɗauka ba, don a masana'anta ana kulle waya a akwatin ajiya sai an tashi aiki, kuma Shihaam ta san da haka. Amma jira har yamma ya yi mata nisa. Ga haƙori na jiran hula, ga ɓarayi suna can suna shan iska, ga ta ita da hujja a hannu. Har ta fara hango fuskar Anti ranar da za ta ce mata, kin ga abin da na tono miki?

Sai ta rubuta wa sashen bincike na kamfanin ƙorafi, ta haɗa da hoton bakin Anti, ta ce wannan gada ba a taɓa yin ta a bakin mai katin nan ba, a bincika. Ta danna ta tura, ta tashi ta haɗa wa kanta shayi, zuciyarta fari ƙal.

Da ƙwaƙƙwafin ya tsaya nan, da ta kwana da daɗi. Amma ina. Tana so ta ji irin muryar mutanen da ke iya wannan ta'asa. Ta nemo lambar asibitin can ta buga.

Wata dattijuwa ce ta ɗauka, mai fara'a. Shihaam ta ba ta suna da lambar kati, tana jiran ta ji an fara kame-kame.

"Misis Galiema? Haba, wa zai manta da ita! Ranar da aka sa mata gadar nan aka miƙa mata madubi, kuka ta yi har ta sa ni kuka. Ranar Lahadi kuma ta aiko mana da fanken koesister cike da roba, masu zafi, kwakwa har tana zuba. Yaya take? Tana nan da surutunta, 'yar gajeruwar nan?"

"Gajeruwa?"

"Eh mana, da ƙyar take leƙo kan teburina. Lafiya dai ko?"

"Lafiya," in ji Shihaam. Ta ajiye wayar a hankali.

Ashe gada an yi ta, kuma akwai bakin da take ciki. Bakin ne kawai ba na mai katin ba. Shihaam ta sake kiran kamfani ta ce tana so ta janye ƙorafinta. Aka ce mata abin da ya shiga sashen bincike ba ya dawowa, sai an gama.

Ranar Asabar da safe Anti Galiema ta shigo ba sallama. Wayarta na hannunta, da saƙon kamfani a ciki, an dakatar da katinta har sai an kammala bincike.

"Wa ya aike ki?"

"Anti, ki zauna tukuna..."

"Na ce wa ya aike ki? Hula na zo nema ko shari'a?"

Shihaam ta ja ta ɗakin shan shayi ta rufe ƙofa. Anti ta zauna a kujerar roba. Da ta fara magana, faɗan ya fita daga muryarta.

"Koelsum ce, ƙanwata. Ita ta bi yayi, aka cire mata huɗun nan tana 'yar makaranta. Ni na raka ta, kin ji? Ni ce babba, na riƙe mata jaka a waje. Haƙoran roba da ta yi ta sawa sun cinye mata dasashi, har ta daina iya sa su. Mijinta ya rasu, ta fita neman aiki. Duk inda ta je sai a dubi bakinta a ce za a neme ta. Wani kanti ma a fuskarta aka gaya mata ba a sa irinta a gaban masu saye."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Ni kuwa ga kati ina ta biya wata-wata, ban taɓa cin moriyarsa ba, tun da haƙorana lafiya lau. Na ce Koelsum, ungo, ki je ki ce ke ce ni. Wa zai sani? Sunan mahaifi ɗaya, kama kuma akwai, tsawo kawai na fi ta. Yanzu tana karɓar baƙi a ofishin wani lauya. Da aikin nan take riƙe da 'ya'yanta."

"Anti, me ya sa ba ki gaya mini ba ranar da kika zo?"

"Ke kin tambaye ni? Kuma ni ina na san cewa a wurinsu fiƙata ta riga ta sa hula? Na ɗauka haƙoran gaba kawai na ba ta. Ashe har da na gefe aka rubuta."

Wannan shi ne abin da Anti ba ta taɓa sani ba. Gada ba ta tsayuwa a iska, sai ta dafa haƙora biyu, kuma ɗaya daga cikin biyun da aka rubuta da sunanta shi ne wanda ƙashin rago ya zaɓa.

Shihaam ta rasa inda za ta sa kanta. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a wurin aiki. Da ta jira yamma ta yi, da Anti ta gaya mata wannan magana a waya. Ba za ta tura lambar ƙarya ba, wannan kam ba halinta ba ne. Amma da an bar maganar kamfani gefe an nemi wata hanyar ceto haƙorin tun da sauran lokaci, da kuma 'yan'uwan nan biyu sun samu damar kai kansu da ƙafarsu kafin a zo nemansu.

Dokta Arendse da ya ji, bai yi wa kowa faɗa ba. Ya ce zai yafe ladan hannunsa, a nemo na masu ƙera hular kawai, Anti ta zo cikin makon nan a ɗauki awo. Shihaam ta fito da gudu don ta gaya mata, ta tarar ta riga ta hau mota ta tafi.

Daga nan Anti ta yi ɗif. Shihaam ta kira, ta tura saƙo, ta kira da wayar asibiti, ta kira da ta mijinta. Ba a ɗauka. Wannan karon ta iya jiran lokacin tashi daga aiki, amma ba amfani. Anti tana can tana fama da masu bincike da kuma shugabannin masana'anta da labari ya kai musu, ga fushi, ga kunya. Makonni suka yi ta wucewa, cikon wucin gadi yana bakinta, tana tauna da gefe ɗaya.

Sai wata ranar Laraba ƙofa ta buɗe, wata 'yar gajeruwar mata ta shigo tana jan hannun Anti Galiema kamar mai kai yaro makaranta. Shihaam ba ta buƙaci a gabatar mata da ita ba. Idonta ya tafi kai tsaye bakin matar, don hali ba ya barin mai shi. Gadar kuwa ta yi kyau, aiki ne na gwani.

"Ke ce mai rubutun?" in ji Koelsum.

"Ni ce, Anti."

"To sannu da ƙoƙari. Ina Doktan?"

Dokta ya fito. Koelsum ta tsaya gabansa ta buɗe baki ta nuna da yatsa.

"Dokta, cire wannan. Na je kamfanin da ƙafata na ce ni ce na ci moriyar katin, kada su taɓa Tietie, yayata ce, tausayina ta ji. Sun ce za mu biya a hankali, kati kuma sai wani lokaci. To ni na gaji. Cire ka mayar musu da kayansu, ko ka gutsuro hula ɗaya ka sa mata. Ai da sunanta aka yi."

"Koelsum, rufe bakinki, kina ba mu kunya," in ji Anti Galiema.

"Ba zan rufe ba, Tietie. Kwana uku ba ki yi barci ba, kin ɗauka ban sani ba?"

Dokta ya yi murmushi mai ɗan ciwo. Ya ce, "Anti Koelsum, ba takalmi ba ne da za a ara. An ƙera ta ne daidai bakinki. Kuma fiƙoƙinki da ke ƙarƙashi an feƙe su sun zama 'yan tsinke, in na cire gadar ko ruwan sanyi ba za ki iya sha ba. Kamfani ma ba abin da zai yi da ita. Ki bar ta inda take." Ya juya. "Anti Galiema, zo mu gani."

Shihaam ta zauna a teburinta, amma kunnenta yana ɗaki. Ta ji ƙarar kujera, ta ji an ɗauki hoto, sannan ta ji shiru. Wanda ya yi aiki da Dokta Arendse ya san cewa idan abu mai gyaruwa ne, ba ya rufe baki da raha.

Haƙorin ya dare har saiwa. Ba hular da za ta riƙe shi.

Ba a daɗe ba aka gama. Anti Galiema ta fito da auduga a baki, gefen fuskarta a sanƙare. Koelsum tana bayanta riƙe da jakarta tana kuka ba sauti.

Shihaam ta miƙe. 

"Anti, ki yafe mini. Wallahi taimako na yi niyya."

Anti ta dube ta, ta gyara audugar da harshe, ta yi magana da gefen baki.

"Na sani, 'yar nan. Ni ma taimako na yi niyya. Ke ba ki tambaye ni ba, ni kuma ban tambayi kowa ba."

Dokta ya leƙo ya fara cewa idan wurin ya warke akwai hanyoyin cike giɓin, ana iya duba yiwuwar yin...

"Dokta," Anti ta ɗaga hannu, "in ka ce gada, sai mun yi faɗa."

Har Shihaam sai da dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye. Anti ma ta yi, giɓin ya bayyana a fili, sabo, ja. Ba ta rufe shi ba.

Koelsum ce ba ta yi dariya ba. Da ta ga giɓin nan a bakin yayarta sai ta kai tafin hannu ta rufe nata bakin. A haka suka fita, a haka suka tsallaka titi zuwa wurin hawa mota. Shihaam tana kallonsu ta gilashi har suka shige, hannun Koelsum bai sauka ba.

Darasi: Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Kafin ka tsoma hannu a lamarin wani don ka taimake shi, ka fara jin ta bakinsa, ko da jiran zai dame ka. Kuma in za ka yi wa ɗan'uwanka alheri, kada ka bi da shi ta hanyar ƙarya, don ranar da za ta fito ku biyu za ta yi wa ciwo. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu ara wa dangi katin asibiti suna ganin ba komai ba ne.